Tambaya da Amsa: Yaya zan yi tsuntsu ya ci a tafin hannuna?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haduwa a wannan fili. Sakonnin da suka taru wannan karon kusan duk magana daya suke, tsuntsayen nan masu zaman kansu da ke sauka a tsakar gida ko cikin lambu, ba na keji ba, da yadda mutum zai yi su saba dashi har su ci a hannunsa. Na zabo wasu, wasu kuma na rage musu tsawo dan wlh akwai wanda sakonsa ya fi amsar da zan bashi tsawo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai wata biyu kenan kullum sai na watsa wa tsuntsaye gero a bayan daki kuma suna zuwa sosai wani lokacin har sun fi ashirin, amma da zarar na bude kofa sai kaji firrr duk sun tashi. Na gwada tsayawa da geron a hannu har hannuna ya sage ko daya bai zo ba. Wai akwai wani sirri ne ko kuwa wadanda muke gani a bidiyo tsuntsayen gida ne ake yaudararmu dasu?
Daga wata uwargida

AMSA: Hajiya ba yaudara bane, ana yi, ni kaina na yi. Matsalarki daya ce, kin fara daga inda ake karewa. Hannu shine matakin karshe, ke kuma kin tsallake duk na tsakiya kin je kin tsaya musu kerere kamar an dasa ki.

Ki dan duba abin daga bangarensu. Gwara nauyinta bai wuce giram 30 ba, mutum mai kilo 60 kuwa ya ninka ta sau dubu biyu kenan, toh ki kwatanta wani abu da ya ninka ki sau dubu biyu ya fito daga daki ya miko miki hannu yace zo ki ci, ai ko yunwar kwana uku kike sai kin yi tunani. Kowane tsuntsu yana da iyakar tazarar da zai bari a kusance shi kafin ya tashi, na cikin gari tazararsu gajeruwa ce saboda sun saba ganin mutane, na daji tun daga nesa suke tashi. Duk aikin da zaki yi shine ki rika rage wannan tazarar kadan kadan har ta kare, kuma ba ke kike yanke ranar ba, su ne.

Abu na farko ki daina watsawa ko'ina. Ki samu faranti ko dan katako mai fadi ki ajiye wuri daya, lokaci daya kullum, kuma sassafe yafi, dan zafin jikin tsuntsu yana kai digiri 40 zuwa 42 kuma jikin dan mitsitsi ne, daren nan da ya kwana bai ci komai ba ya kone abin da ya tara, gari na wayewa yunwa ce ke tashinsa. Idan kin zuba kar ki koma daki ki rufe kofa kamar yadda kika saba, ki dauko kujera ki zauna can nesa, inda kika ga zasu iya sauka kina zaune, ko mita goma ne ba komai. Minti goma ko sha biyar ya isa. Gobe haka, jibi haka.

Kar ki tambaye ni kwana nawa kafin ki matso da kujerar, ba kwana ake kirgawa ba, kan tsuntsun ake kallo. Idan yana tsinci daya ya daga kai ya tsinci daya ya daga kai, wuya a mike jiki a dame kamar wanda ke jiran a ce kyat ya arce, toh har yanzu bai yarda ba ki zauna inda kike. Ranar da kika ga sun dukufa suna ci har suna fada da juna akan kwaya daya, wani ma ya juya miki baya, sun manta dake kenan, washegari sai ki matso taku daya ko biyu. In kika matso suka ki sauka kwata kwata, kin yi gaggawa, ki koma inda kike jiya ba abin kunya bane.

A haka har kujerar ta zo gefen farantin. Sannan ki dora hannu a kasa kusa da faranti ba komai a ciki, ki barshi a kwance kamar icce. Bayan wasu kwanaki hannun ya koma bakin farantin, sannan ki dora shi a kan farantin da abincin da suka fi so a tafin, sauran gama-garin yana kewaye. Karshe ki dauke farantin na dan lokaci ya zama hannun kadai ne. Ki jingina gwiwar hannun akan wani abu dan kar ya rika rawa, tafin a bude, yatsu a hade a mike, kar ki dan lankwasa su kamar tarko. In minti sha biyar ta wuce ba wanda yazo ki zuba musu ki tafi, ni ban yarda da masu cewa a hana su ci sai yunwa ta kawo su dole ba, wannan ba amana bace tilas ce.

Akwai wata dabara da wasu ke yi wadda take bani dariya amma tana aiki. Kinsan mutum-mutumin da ake kafawa a gona dan korar tsuntsaye, bayan sati biyu sai ki tarar da su zaune a kansa suna hutawa, saboda sun gane baya motsi baya komai. Toh shi ake juyawa, a cusa tsumma a tsohuwar riga a zaunar a kujera, a sa safar hannu da abinci a ciki, in sun saba ci a hannun mutum-mutumin sai wata rana ke ki sa rigar ki zauna a wurinsa.

Ni ranar da abin ya faru dani ban ma shirya ba, na kusa hakura na tashi dan kafata ta yi tsami. Wani dan beni ne da na lura ya fi sauran karambani, ya sauka akan reshe ya kalli hannun da ido daya ya juya kai ya kalla da dayan, ya taso kamar zai sauka sai ya fasa a sama ya koma, har sau uku, iskar fukafukinsa ina jin ta a yatsuna. Na hudun ya dira a kan babban yatsa. Abin da ban zata ba shine rashin nauyin, kamar ba komai, sai dai dan tsinin faratansa da dumin kafar. Ya dauki kwaya daya ya yar, ya dauki wata ya tafi da ita, duka duka bai fi dakika biyu ba, ni kuwa sai a lokacin na gane na dade rike da numfashi. Kuma da daya ya fara sauran basa dadewa, dan tsuntsaye suna koyi da juna sosai. A Ingila a 1921 aka fara ganin wasu kananan tsuntsaye suna huda murfin kwalaben madarar da ake ajiyewa a kofar gida suna shan man da ya taso sama, a wani wuri kusa da birnin Sawsamton, kafin wasu shekaru dabi'ar ta bazu a sassan kasar da dama. Ke dai ki nemi mai karambanin cikinsu ki yi hakuri dashi.

TAMBAYA: Yallabai ni nawa sun saba har suna zuwa kusa da kafata, amma da na daga kai na kalle su ko na dauko waya zan dauki hoto shikenan sun gudu. Meye matsalar?
Daga wani dalibi

AMSA: Kanina idonka ne matsalar. Ka duba mage ka duba shaho ka duba mujiya, duk mai farauta idanunsa biyu a gaba suke suna kallon abu daya, kai ma haka naka suke. Tsuntsun da ake farauta kuwa nasa a gefe da gefe suke dan ya ga kusan duk kewayensa, kuma abin da ya gada kaka da kakanni shine idan idanu biyu suka kafe ka to an zabe ka kenan. Masu bincike a jami'ar Ekzita ta Ingila sun gwada wannan a 2019 da tsuntsayen bakin teku, a ajiye ledar soyayyen dankali a kasa mutum ya tsuguna kusa, wani lokacin ya zuba musu ido wani lokacin ya kau da kai, sai aka ga in ana kallonsu suna kara kimanin dakika 21 kafin su taba abincin, alhali wadannan tsuntsaye ne da aka sani da rashin kunya har fizge abinci suke a hannun mutane.

Dan haka ka zauna a dan karkace, ka kalli kasa ko gefe, ka rika satar kallonsu ta wutsiyar ido. Ita kuma waya abu biyu ta hada, ga motsin hannu farat daya ga wani bakin ido mai kyalli da ka nuna musu. In hoton kake so ka jingine wayar a wuri daya tun kafin su zo ka kunna bidiyo ka barta, kuma dan Allah ka kashe kararta, ni kira daya ya taba rusa min aikin kwana hudu.

TAMBAYA: Malam ina maka fatan alheri. Ni dattijo ne na yi ritaya, kurciyoyi biyu suna ci a hannuna yau kusan shekara. Abin da ke bani mamaki in dana ya zauna a kujerata da abincin iri daya basa zuwa. Iyalina suna cewa kamshin jikina suke ji, ni kuma nace fuskata suka sani. Ka raba mana gardama.
Daga wani dattijo

AMSA: Baba Allah ya kara lafiya da nisan kwana, kuma kayi hakuri ka gaya wa mutanen gida a hankali, kai ne da gaskiya. Tsuntsaye suna jin wari ba wai basa ji ba, amma irin wadannan da ido da kunne suke gane mutum.

Wanda ya fi fito da abin fili wani malamin jami'ar Washinton ne a birnin Siyatul na Amurka, John Marzluff. A 2006 shi da dalibansa suka sa wata fuskar roba mai muni suka kama hankaki bakwai a harabar jami'ar suka sa musu zobe a kafa suka sake su. Daga ranar duk wanda ya sa wannan fuskar ya ratsa harabar sai hankaki su bi shi da ihu suna kawo masa sura, in kuwa wata fuskar roba daban ya sa wadda ba a taba kama su da ita ba, ko kallo bai ishe su ba. Abin da ya fi daure kai shine shekaru suna tafiya masu ihun suna karuwa, har da wadanda ba a taba kamawa ba, har da wadanda ba a ma kyankyashe su ba lokacin, wato iyaye da makwabta sun koya musu cewa wancan mugu ne. Kurciya bata kai hankaka kwakwalwa ba, amma 'yar uwarta tantabara an gwada ta an ga tana bambance mai bata abinci da mai korarta ko da sun yi musayar riga.

Toh ba fuska kadai ba Baba, har tafiyarka da yadda kake zama da dan tarin da kake yi kafin ka zauna duk sun haddace. In kana so su saba da yaron, ya rika zama gefenka shiru kana basu, bayan kwanaki ya dora hannunsa kusa da naka, da haka amanar zata tsallaka.

Kuma tunda ka tabo maganar bari in kara wa sauran masu karatu wani abu, ku samu sauti daya da zaku rika yi duk lokacin da zaku zuba abinci, fito ne ko dan kada harshe, amma kar ku canza shi kuma kar ku yi shi in ba abinci. A arewacin Mozambik mutanen Yao masu neman zuma suna da wani kira da suke yi wa wani tsuntsun daji mai nuna inda amya take a cikin bishiya, wani irin brrr-hm, tsuntsun ya jagorance su, su debi zuma shi ya ci kakin. Claire Spottiswoode da abokan aikinta sun auna abin suka fitar a 2016, in anyi wannan kiran damar samun jagorar tana tashi daga kusan kashi daya cikin uku zuwa biyu cikin uku. Ba wanda ya kiwata tsuntsun nan ba wanda ya daure shi, kira ne kawai da bai taba zama karya ba.

TAMBAYA: Dan Allah wane abinci yafi, ni ragowar burodi nake basu da duk abin da ya rage a kwano.
Daga wata amarya

AMSA: Amarya burodi ba guba bane amma cika ciki ne kawai, ba mai ba wani abin gina jiki, tsuntsu ya koshi dashi ya kasa neman abin da zai amfane shi. Ragowar kwano kuma nan nake jin tsoro saboda gishiri, jikinsu baya iya fitar da gishiri mai yawa, abin da ke a bakinki daidai ne a wurinsu yayi yawa. Kar a basu madara, kar a basu cakulan, kar a basu fiya, wadannan biyun na karshe suna iya kashe su.

Masu guntun baki mai kauri 'yan tsaba ne, gero da dakakkiyar masara da 'ya'yan sanfulawa. Masu siririn baki 'yan kwari ne, su tsutsa ce ke rikita su, kuma gsky ba abin da ke saurin kawo tsuntsu hannu kamar tsutsa mai motsi in zuciyarki zata dauka. Wasu kuma 'ya'yan itace, ki yanka gwanda ko ayaba ki ajiye. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake, cinsa ma haka, ki zuba iri uku a faranti ki ga wanne ke fara karewa, shi zaki boye sai a tafin hannu.

Gyada suna sonta sosai amma da sharadi, danya ko gasassa marar gishiri, a daka ta musamman lokacin da suke da 'ya'ya a sheka dan guda sukutum tana iya shake dan tsako, sannan in ta yi fumfuna ko tana warin dadewa a zubar. Fumfunar gyada tana fitar da wata guba, afulatoksin, mai lalata hanta, kuma ta hanyar tsuntsaye ma aka gano ta, a 1960 talotalo kusan dubu dari suka mutu a Ingila aka bi diddigi aka tarar garin gyadar da aka hada musu abinci dashi ne. Sai ruwa, kar ki raina kwano mai fadi marar zurfi, wani tsuntsun da bazai taba kallon tsabarki ba ruwa zai kawo shi.

TAMBAYA: Malam nayi kuskure. Wata kurciya ta saba dani tana hawa hannuna, rannan sha'awa ta dauke ni na rufe hannu na rike ta ina so in shafa bayanta, ta fizge ta bar min gashi a hannu. Yau sati uku ko gidan bata sauka. Zata dawo kuwa?
Daga wani matashi

AMSA: Kai kanina, ka yi abin da take tsoro tun ranar farko. Hausawa sunce sabo da kaza baya hana yanka ta, toh tsuntsun daji da wannan karatun aka kyankyashe shi, duk watannin nan tana gwada ka ne ko kai daban ne, ranar nan ka bata amsa. Gashin da ta bar maka ma dabara ce, kurciya da tantabara gashinsu saurin tsigewa yake dan in abu ya cafke su ya tashi da gashi su su tsira, wato a lissafinta mage ce ta kama ta ta kubuta.

Zata iya dawowa, bazan maka alkawari ba. Ka koma farko cak, faranti, kujera can nesa, kamar baku taba haduwa ba, kuma ka sa a ranka zai fi na farko dadewa. In ta dawo gidan tana ci a kasa bata kara hawa hannun ba ka karbi hakan. Shafa kuma ka cire ta a ranka gaba daya, tsuntsun daji baya jin dadin shafa yadda mage ke ji, kuma rike karamin tsuntsu a kirji yana iya hana shi numfashi dan da motsin kashin kirjin yake shakar iska.

TAMBAYA: Zan yi tafiyar wata guda, ina tsoron kar su mutu da yunwa tunda na saba musu.
Daga wata ma'aikaciya

AMSA: 'Yar uwa ki yi tafiyarki hankali kwance. An taba bincika wannan a jihar Wiskonsin ta Amurka akan wasu kananan tsuntsaye a tsakiyar hunturu mai kankara, aka tarar abin da suke samu a wurin ciyarwar mutane kusan kashi daya cikin biyar ne na cinsu na yini, sauran da kansu suke nema, kuma da aka dauke abincin basu fi wadanda ba a taba ciyarwa ba mutuwa ba. Ke tasha daya ce a cikin tashoshinsu. Ki rika rage yawan abin kwana kadan kafin tafiyar, in kin dawo zasu dan yi miki bakunta kwana biyu uku sannan a dora daga inda aka tsaya.

TAMBAYA: Malam abu biyu. Na farko akwai wata kurciya cikin masu zuwa da naga ta kumbura gashi tana zaune shiru bata gudu, bakinta a jike abinci na zubowa, har na dauka sabo ne. Na biyu magen makwabta ta gane wurin ta kashe guda biyu.
Daga wani magidanci

AMSA: Dan uwa wannan ba sabo bane ciwo ne, kuma na ji dadi da ka tambaya dan mutane da yawa suna murna wai tsuntsu ya yarda dasu alhali karfin tashi ne bashi da. Alamun da ka fada sun yi kama da wata cuta da aka dade da sani a tantabaru da kurciyoyi, wata kwayar cuta ce ke kama makogwaro ta kumbura shi har hadiya ta gagara, tsuntsun ya dauki tsaba ya kasa hadiyewa ya dawo da ita da yawu a jiki, na kusa dashi ya tsince ta, shikenan ta wuce. A Birtaniya tun 2005 ta tsallaka zuwa wani koren tsuntsu dangin kanari da ke cika lambunan mutane, ta yi masa barnar da a 2021 sai da aka sa shi a jerin wadanda ake tsoron karewarsu a kasar, kuma wuraren ciyarwa da kwanukan ruwa suna cikin hanyoyin da ta bi. Abin nufi mu masu son nasu muna iya zama sanadin.

Ka dauke faranti da kwanon ruwa yau din nan, ka daina zubawa sati biyu zuwa uku dan su watse kowa ya kama gabansa. Ka wanke kayan da sabulu sannan ka jika su a ruwan bilic, wato ruwan wankin nan mai kashe kwayoyin cuta, kashi daya bilic kashi tara ruwa, ka dauraye sosai ka shanya su bushe karau dan kwayar bata jure bushewa. In ka dawo da ciyarwa ka rika zuba iya abin da zasu cinye a yini, ruwa a canza kullum, wanki duk sati, wurin kuma a rika dan matsar dashi kar kashi ya taru a kasa. Ita wannan cutar bata kama mutum amma akwai masu kamawa, irin salmonela da murar tsuntsaye, dan haka duk wanda tsuntsu ya taka masa hannu ya wanke da sabulu kafin ya taba baki ko abinci, yara musamman, mataccen tsuntsu kuma ba a dauka da hannu tsirara, a sa leda.

Maganar mage kuwa ba karama bace, wani kiyasi da aka fitar a 2013 yace a Amurka kadai maguna suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 a shekara. Kuma ka sani kai ka tara mata su, ka kuma koya musu sakin jiki a kasa, toh hakkin gyarawa a kanka yake. Ka daga farantin sama akan sanda mai santsi, ka nisanta shi kamar mita biyu daga duk wani duhuwa ko tarkace da zata labe, amma kar ya zama a fili fetal ba bishiya kusa dan in shirwa ko shaho ya kawo sura suna bukatar inda zasu fada. Ka kula da taga mai gilashi ma, ko dai farantin ya zama dab da ita kasa da mita daya ko kuma can nesa, dan tsakatsakin nan ne in sun firgita suke dukan gilashin da cikakken gudu. In duk ka yi magen bata bari ba ka hakura da ciyarwar a wannan wurin.

TAMBAYA: Makwabtana suna korafi wai na tara musu tantabaru suna bata musu shanya da mota, har da beraye. Ni kuma a gidana nake yi.
Daga wani mai haya

AMSA: Malam a gidanka kake zubawa amma ba a gidanka suke kashi ba, makwabtanka suna da gaskiya. Manyan birane ma sun sha wannan rigimar, a Landan an hana ciyar da tantabaru a dandalin Tirafalga a 2003, a Benis ta Italiya ma an hana a 2008 saboda barnar da suke wa tsofaffin gine gine. Bera kuwa ragowar dare ke kawo shi. Dadin ciyarwa a hannu shine baya bukatar buhu, cikin tafi daya ya isa, ka zuba kadan kana zaune in ka tashi ka share, tantabara bata zama inda ba tari.

TAMBAYA: Kawu ni shekarata tara, akwai wani tsuntsu mai farin tabo a fiffike da yake zuwa wurina kullum, yayana yace wauta ce in sa masa suna tunda ba nawa bane. Zan iya sa masa?
Daga wata 'yar firamare

AMSA: 'Yata sa masa abinki. Ki gaya wa yayan naki akwai wata mata a Ingila mai suna Len Howard, makadiya ce ta bar birni ta koma wani kauye ta zauna a dan karamin gida, ta rika barin tagoginta a bude tsuntsayen lambu suna shiga suna fita har wasu a cikin dakin suke kwana, kowanne ta sa masa suna ta san halinsa, wannan mafadaci ne wancan matsoraci, ta rubuta littafi akansu a 1952 har masana suka karanta. Amma yayanki ya fadi gaskiya guda daya, ba naki bane, dan haka ba keji ba zare a kafa, in wata rana bai zo ba kar ki yi kuka da yawa wata kila sheka yake ginawa. Ki wanke hannu in kun gama, sannan ki rubuto min sunan da kika zaba da kalar bakinsa da tsawon jelarsa, ina so in gane wane iri ne.